Yoyon gilashin gaba a tsohuwar mota: gyaran tsatsar da ke ƙarƙashin roba

Da zarar damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, koke iri ɗaya ake kawowa garejin masu gyaran bodi: ruwa na ɗiga kan dashbod, kafet ya jiƙe sharkaf, mota na warin rima. Maganin da yaran gareji ke bayarwa shi ma bai canza ba. A aika a sayo silikon, a lafta shi a bakin robar gilashi, a shafe da ɗan yatsa, a karɓi kuɗi. Mai mota ya tafi yana murna, damina mai zuwa ya dawo da rami a kusurwar gilashi wanda yatsa ke shiga. Wannan kuskuren ne ya sa na rubuta wannan jagora, kuma hujjata ɗaya ce: a tsohuwar mota, yoyon gilashin gaba kusan kullum alama ce ta cewa ƙarfen da roba ke zaune a kai ya ci tsatsa, kuma babu gyaran da zai ɗore sai an cire gilashin an ga ƙarfen ido da ido. Zan yi misali da Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya yi ta harhaɗa ta a Kaduna tun daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Amma bayanin ya shafi duk motar da roba ce ke riƙe da gilashinta, irin su Peugeot 404, Mercedes W123 da Volkswagen Beetle.

Sai an fahimci yadda wurin yake kafin a gane dalilin. A bakin ramin gilashi akwai wani siririn leɓen ƙarfe da ya zagaye shi. Fallen ƙarfe biyu ne, na waje da na ciki, aka haɗa su da ɗigon walda tun daga masana'anta, kowanne kaurinsa bai wuce milimita 1 ba. Robar tana da kwarmi biyu: ɗaya ya cafke gilashi, ɗaya ya cafke wannan leɓe. Ba a ƙera robar don ta hana ko ɗigon ruwa shiga bayanta ba. An ƙera ta ne ta matse ƙarfe mai santsi da fenti, ta yadda ɗan ruwan da ya kutsa zai gangara ya fita ko ya bushe. Idan shekaru suka ja, rana ta ƙona robar ta ƙanƙance ta yi tauri, sai ta ɗan ja baya daga kusurwoyi. Ƙura ta shige, ruwa ya same ta ta zama taɓo, taɓon ya kwanta a kusurwoyin ƙasa biyu inda komai ke gangarowa. Motsin mota yana sa roba ta riƙa goga wannan yashi a kan fenti har ya cinye shi. Daga nan tsatsa ta samu ƙofa. Ita kuma tsatsa tana cin wuri fiye da ninki biyu na ƙarfen da ta cinye, don haka tana kumbura, ta ɗaga robar sama, ta buɗe tsakanin fallen ƙarfen nan biyu, ruwa ya ƙara samun hanya. Yoyon da mai mota ya gani yau ƙarshen labari ne da ya faro shekaru da suka wuce.

Wani zai ce ai Arewa busasshiyar ƙasa ce, tsatsa matsalar Legas da Fatakwal ce inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Gaskiya ne ƙasan mota da sasi sun fi daɗewa a Kano ko Katsina. Amma bakin gilashi daban ne, domin abubuwan da ke kashe shi a nan suka fi yawa: zafin rana mai busar da roba, ƙurar hunturu mai cika kowace kafa, sai ruwan Agusta mai sauka kamar da bakin ƙwarya, ga masu wankin mota da ke harba ruwa da inji kai tsaye cikin bakin roba duk shekara. Ƙara da cewa motoci da yawa da aka shigo da su daga Turai ta Kwatano sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara kafin su iso.

Wani kuma zai ce ya sa silikon kuma yoyo ya tsaya. Ya tsaya ɗin, na ɗan lokaci. Na farko, silikon ɗin da aka fi sayarwa a kasuwa, mai warin tsami mai hawa hanci, yana fitar da asid yayin da yake bushewa, asid kuwa abokin tsatsa ne a kan ƙarfen da ba fenti. Na biyu, yana toshe bakin roba ta ƙasa, wato hanyar da ruwa ke fita, alhali ruwan na ci gaba da shiga ta sama. Kamar a naɗe gyambo ne ba a wanke ba. Na uku, fenti ba ya kama wurin da silikon ya taɓa, sai ya riƙa tsagewa yana yin ƙananan idanu, don haka ranar da aka zo yin gyaran gaske sai an ɓata lokaci wajen kankare shi.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa, amma kar a fara sai sun cika. Sabuwar robar gilashi ta ainihin samfurin motar, wuƙa mai kaifi ko reza mai mariƙi, igiyar nailan mai kaurin milimita 4 zuwa 5 wadda tsawonta zai zagaye gilashin har ya yi saura, da tsinken roba ko na katako don ɓanɓare kwalliya. Sai giranda da buroshin waya da sanfefa mai kaushi da mai laushi, kwali da alƙalami, fallen ƙarfe mai kauri daidai da na bodin, almakashin ƙarfe, guduma, injin walda. Sai maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, fentin ƙasa na efoksi mai haɗi biyu, fentin kalar mota, da gam ɗin gilashi wanda ba ya ƙandarewa. Tabarau, safar hannu, takunkumi, bokitin ruwa da tsofaffin barguna ma suna cikin lissafi. Kuma mutum biyu, domin mutum ɗaya ba ya cire gilashi ko mayar da shi. Batun roba shi ne ya fi muhimmanci: a same ta a hannu, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko duk inda ta samu, a gwada ta a kan gilashin, sannan a taɓa tsohuwar. Roba mai sheƙi da tauri kamar tiyo ba za ta kwanta a kusurwa ba, kuma wadda ta daɗe a shago har ta fara tsatstsagewa ba ta fi wadda ke jikin motar ba.

Mataki na 1: A tabbatar daga ina ruwan yake shiga

Na ce kusan kullum tsatsa ce, ban ce kullum ba. A gindin gilashi akwai ramin da iska ke shiga, yana da magudanai da ke zubar da ruwa ƙasa. Motar da ke kwana ƙarƙashin darbejiya, ganye da 'ya'yan itacen kan toshe waɗannan magudanai, ruwa ya taru ya malala cikin mota, a ɗora wa gilashi laifi. Gindin waifa da robar ƙofa su ma suna yoyo. Don haka a ɗage kafet, mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa a hankali da tiyo ba tare da matsi ba. A fara daga ƙasa, a daɗe a kowane wuri na 'yan mintuna, sannan a hau sama kaɗan. Masu koyo sukan fara daga rufin mota, ruwa ya wanke ko'ina lokaci guda, a rasa ta ina ya shiga. Bayan haka a ɗaga bakin roba da tsinken katako a kusurwoyin ƙasa. Idan fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, ko jan gari ya biyo tsinken, an samu amsa.

Mataki na 2: Cire gilashi

A cire batir, a cire waifa da madubin ciki, a ɓanɓare kwalliyar ƙarfe mai ƙyalli a hankali domin idan ta lanƙwashe da wuya ta koma daidai. A shimfiɗa bargo kan bonet da dashbod. Sannan a yanke leɓen roba na waje wanda ya rufe bakin gilashin, a zagaye gaba ɗaya, har gilashin ya zauna ba abin da ke riƙe da shi, a tura shi da tafin hannu daga ciki, na waje ya tare. Hanyar da aka saba gani, ta yaro ya kwanta kan kujera ya tokare gilashi da ƙafafu don a ceci tsohuwar roba, ita ce take fasa gilasai. Gilashi mai falle biyu da leda a tsakani yana tsagewa idan aka murɗa shi ko kaɗan, musamman in da ɗan tabon tsakuwa a jikinsa, wanda aka gasa kuwa tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Masu gudun cire gilashi don tsoron fasawa suna da hujja, amma yawancin fashewar daga rowar roba take zuwa. Roba ta fi gilashi araha nesa ba kusa ba, kuma wadda ake ƙoƙarin ceton ita ce ta jawo matsalar tun farko. A jingine gilashin a tsaye kan katako ko taya, nesa da inda za a yi gurza.

Mataki na 3: Tone tsatsa har a ga iyakarta

A nan ake sanin girman aikin. A kankare tsohon gam da silikon, a goge da tina, sannan a bi leɓen gaba ɗaya da buroshin waya har ƙarfe ya fito fari. Kar a tsaya inda ido ya ga ja, a wuce shi da kamar faɗin yatsu biyu, domin tsatsa tana tafiya ƙarƙashin fenti mai kyan gani. Kafin a kunna giranda, a rufe sauran gilasan mota da silin da kujeru, saboda tartsatsi yana nutsewa cikin gilashi ya bar baƙaƙen ɗigo da ba sa gogewa, yana kuma huda yadi. Sai a ɗauki sukudireba a riƙa danna ƙarfen da ƙarfi. Abin da za a samu iri uku ne. Akwai tsatsar sama wadda buroshi ya share, ƙarfe na nan da kaurinsa. Akwai wadda ta bar ƙananan ramuka kamar zanzana amma ba ta huda ba. Akwai kuma inda sukudireba ta ɓurma, ko leɓen ya rabu biyu ya yi laushi. Na farko da na biyu magani da fenti sun ishe su. Na uku ba shi da magani sai yanka. Idan kuwa ɓarnar ta gangara cikin ginshiƙan da ke riƙe da rufin mota, aikin ya wuce na yoyo ya zama na lafiyar masu shiga motar, kuma bai kamata a bar wa ɗan koyo shi kaɗai ba.

Mataki na 4: Yanka da walda

Wannan ne matakin da aka fi ha'inci a cikinsa, don haka zan daɗe a kai. Hanya mai sauƙi ita ce a buga ramin ciki da guduma, a cusa takarda ko ragar waya, a cika da foti, a goge ya yi sumul. Da ido ba za a gane ba, har mai mota ya yaba. Amma foti yana shan ruwa ta bayansa inda ramin yake a buɗe, ba ya kuma da ƙarfin jure matsin roba da jijjigar hanya. Yana tsagewa, ya riƙe danshi a jikin ƙarfe, tsatsa ta ci gaba a ɓoye fiye da da. Amfanin foti shi ne gyara ɗan ƙwarya-ƙwaryar rashin daidaito a kan ƙarfe mai lafiya, ba maye gurbin ƙarfe ba.

Kafin a yanka komai, a ɗauki siffar wurin da kwali, tun lanƙwasar tana nan. Idan kusurwa ɗaya ta lalace ƙwarai, a ɗauko siffar daga ɗaya ɓangaren a juya kwalin. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har a kai mai lafiya, amma gutsure-gutsure: a yanka wuri ɗaya, a gama waldarsa, sannan a matsa gaba. Wanda ya yanke duk leɓen ƙasa lokaci ɗaya ya rasa ma'auninsa, ramin gilashin kuma zai iya motsawa. A yanka sabon ƙarfe ya shiga ramin baki da baki, ba a ɗora shi a kan tsohon ba. Ɗori yana ƙara kauri, roba ta kasa cafke leɓen, kuma tsakanin fallen biyu sabon gidan ruwa ne.

Walda kuwa ɗigo-ɗigo ake yi. A ɗiga a nan, a tsallaka can nesa a ɗiga, a bari ya huce, a dawo, har ɗigon su haɗu su zama layi. Ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya ba ya jure doguwar wuta, yana murɗewa, kuma murɗewar milimita biyu ko uku a kusurwa ta isa ta hana roba zama ko ta sa gilashi tsagewa bayan mako guda ba wanda ya taɓa shi. Injin walda mai waya da gas shi ya fi dacewa domin zafinsa a tattare yake. Na san yawancin garejinmu da wutar kabaid suke aiki, kuma ƙwararre yana iya yin aiki mai kyau da ita idan ya rage harshen wutar, ya yi haƙuri, ya kare kewaye da jiƙaƙƙen tsumma. Abin da ba na goyon baya shi ne like da jan ƙarfe, domin garin da ake barbaɗawa yana maƙalewa a cikin haɗin, daga baya ya tayar da fenti. Waldar lantarki mai sanda kuwa huda wannan ƙarfe kawai take yi. A tuna cewa a bayan leɓen ƙasa akwai dashbod, wayoyi da soso, a bayan na sama akwai silin. A janye abin da zai janyu, mutum ɗaya ya tsaya ciki da ruwa yana kallo, kuma kar a tashi daga aiki sai an jira an tabbatar babu abin da ke ci a ɓoye.

Idan an gama, a gurje waldar ta yi daidai da kewaye, a haska tocila ta baya a nemi ƙananan huji, a toshe su. Sannan a ɗauko gilashin a ɗora shi a ramin ba roba, a duba ko tazarar da ke tsakaninsa da leɓe daidai take ta kowane gefe. Gilashin shi ne ma'aunin gaskiya, kuma gyara a wannan lokaci guduma ce kawai, bayan fenti kuwa asara ce.

Mataki na 5: Magani da fenti

A shafa maganin fosforik a wuraren da suka yi zanzana, ya mayar da ragowar tsatsar baƙa, sannan a wanke a busar kamar yadda aka rubuta a jikin mazubinsa, domin asid ɗin da ya saura yana hana fenti kamawa. Maganin na ragowar da buroshi ya kasa isa ne, ba na ɓawon tsatsa mai kauri ba. A fesa efoksi a ranar da aka fito da ƙarfen, kar ya kwana tsirara a cikin damina. Fentin ƙasa na gama-gari, mai launin toka, yana barin danshi ya ratsa shi, shi ya sa na nace kan efoksi. In da buƙatar ɗan foti, a sa shi siriri, a sake rufe shi, sannan fentin kala. A samu hanyar fesa fenti ko man hana tsatsa ta bayan inda aka yi walda, domin wuta ta ƙone abin da ke kare wajen. Sai a bar fentin ya yi ƙwari sosai, kwanaki ba sa'o'i ba. Mai mota zai matsa, amma igiya da roba suna kwashe ɗanyen fenti daidai wurin da aka fi buƙatarsa.

Mataki na 6: Mayar da gilashi

A shanya sabuwar roba a rana ta yi laushi, a sa ta a jikin gilashi. A motocin da kwalliyarsu ke shiga cikin roba, irin Mercedes W123, yanzu ake sa ta, kafin gilashi ya hau mota. A cusa igiya cikin kwarmin da zai cafke leɓe, ta zagaye, bakinta biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa. A shafa ruwan sabulu mai laushi. Ban da baƙin mai, gris ko man birki: biyun farko suna lalata roba, na ukun yana cin fenti. Garin sabulun wanki ma a bar shi, yana da gishiri. A yi alamar tsakiya a gilashi da bodi, a ɗora gilashin daga waje, bakin igiya na ciki. Na ciki ya riƙa jan igiyar a hankali zuwa tsakiyar gilashi, tana kwance kusa da shi, leɓen roba na hawa kan ƙarfe. Na waje ya bi shi da tafin hannu a buɗe yana dannawa daidai inda igiyar take. A ja dama kaɗan, a ja hagu kaɗan, don kar gilashin ya zame gefe guda. A kusurwa a riƙa juya igiyar kamar ana zana da'ira, in ba haka ba ta yaga robar. Idan ya cije, a fitar a sake, kar a doke shi da dunƙule, kuma kar sukudireba ta kusanci sabon fenti.

Bayan ya zauna, a zura bakin gam ƙarƙashin leɓen roba, tsakaninta da bodi da kuma tsakaninta da gilashi, a sama da gefe biyu. Gam ɗin ya zama mai zama da laushi har abada. Za a tambaya me ya hana a yi amfani da baƙin gam mai ƙarfi na motocin zamani. Waɗancan motoci an ƙera su ne da faffaɗan wurin da gilashi zai manne, gilashin ma yana cikin abin da ke ƙarfafa bodin. Tsohuwar mota kuwa tana buƙatar gilashi ya ɗan yi wasa cikin roba yayin da bodi ke murɗawa a kan hanya mai gargada. Wanda ya manne roba da wannan gam ya hana wasan, kuma ranar da za a sake cirewa sai an yanka har fenti.

Mataki na 7: Gwaji da busarwa

A maimaita gwajin tiyo daga ƙasa zuwa sama, kafet a ɗage. In ɗigo ya bayyana, a duba ko leɓen roba ya naɗe a wani wuri ta ciki, a warware shi da tsinke, a ƙara gam a nan kaɗai. A zura waya a magudanan gindin gilashi har ruwa ya riƙa fita ƙarƙashin mota da gudu. Soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa makonni ko da saman ya bushe, don haka a fitar da shi a shanya, a duba ƙarfen daɓen motar da akwatin fiyus da mahaɗar wayoyi, a goge duk wadda ta yi kore kafin a mayar da batir.